Yatsun da Ke Gindin Rumbu

Na daɗe ina ɗaga wannan babi. Sauran labarin rayuwata ban sha wahalar rubuta shi ba, noma ne da ɗinki da yawon kasuwanni. Amma duk lokacin da na iso shekarar da aka tafi da ƙanwata Zainabu, sai in ajiye biro in ce sai gobe. Ina tsoron in ɗora wa matattu maganar da ba su faɗa ba, ina kuma tsoron in yi shiru ku ci gaba da riƙe abin da kuka ji. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne wata magana da na ji a bakin ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi sunansa ba, yana gaya wa baƙi wai a gidanmu an taɓa musayar yarinya da akuya lokacin yunwa. Da dariya ya faɗa, don haka ya ji ana faɗa. Ban tanka masa a gaban mutane ba, amma na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Akuya kam an bar mana ita, wannan gaskiya ne. Sai dai ba haka abin ya faru ba, kuma cikin waɗanda suka zauna a tsakar gidan ranar nan ni kaɗai na rage a nan.

Sai na fara da cindo, don waɗanda suka tashi a Maraɗi cikinku ba su san matsayinsa a gidanmu na Attantane ba. Ku duba gefen ƙaramin yatsana za ku ga ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero. Nan ne yatsa na shida yake lokacin da aka haife ni. Baba yana da shi, ubansa ma yana da shi. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ke ɗaure shi da hannunta kafin suna. Takan samo gashin wutsiyar doki ta ɗaure gindin yatsan tamau, ya bushe ya faɗi, ta naɗe shi a ƙyalle ta binne a gindin babban rumbu, wajen dutsen da ke gabas. Takan ce wanda yatsansa ke nan, ko ina ya je gida zai dawo. Ni da ƙanena Sa'idu da autanmu Ila duk yatsunmu suna can. Zainabu, wadda ke tsakanin Sa'idu da Ila, ita kaɗai ta zo da yatsu biyar cif. Innarmu kuwa Buzuwa ce daga arewa da Gidan Amumune, danginta makiyaya ne masu jin Hausa kamar mu. Don haka tun Zainabu tana goye Kaka ta laƙaba mata Ta-Inna, tana ce mata Buzuwa mai hannu fayau, wadda ba ta bar komai a gindin rumbu ba. Wasa ne na kaka da jika, kowa ya sani. Zainabu ma takan rama, ta ce gara ita da masu yatsu kamar ƙafar kaza. Kaka ta bi ta da muciya, ita kuma ta ɓuya bayan Inna tana gwalo. Inna ta rasu shekara guda kafin fari, Allah ya jiƙanta, sunan kuwa ya zauna.

Shekarar ruwa ya sauka aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai ruwan ya ɗauke bai sake dawowa ba. Ina ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, na girme wa sauran yara don ban shiga da wuri ba. Malaminmu Mushe Lawali (Mushe, daga Faransanci, muke kiran malaman lakwal), mutumin Tasawa ne, siriri mai yawan tari. Da yunwa ta fara kama mutane sai aji ya rage saura 'yan kaɗan, shi kuma ya daina matsa mana da lissafi. Wata rana ina miƙa masa allo ya riƙe hannuna yana kallon ƙullin nan, ya tambaye ni ko ciwo ne. Na ba shi labarin cindo, har da rumbu, yara suna ta dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce kowa ya juya ya dubi na kusa da shi: wa ke da wushirya, wa fatar kunnensa ta manne da wuya, wa ke iya naɗe harshe kamar ganyen masara. Ya ce mu koma gida mu dubi iyayenmu da kakanninmu, gobe mu gaya masa abin da muka gani. Washegari ya zo da ƙoƙo biyu da 'yan ƙwayoyin wake a aljihu. Ya ce wannan ƙoƙon Baba ne, ya sa jan wake ɗaya da fari ɗaya. Wancan ƙoƙon Inna ne, ya sa fari biyu. Ja shi ne cindo. Ya sa muka rufe ido, kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowane ƙoƙo, ya buɗe hannu, sannan ya mayar. Wasu suka fito da ja da fari, wasu fari da fari.

"Kun gani?" in ji shi. "Babu wanda ya ɗauki biyu a ƙoƙo guda. Mai ja da marar ja, kowa rabinsa na uba ne, rabinsa na uwa. Kuma ba wake ɗaya ke yin mutum ba, suna da yawa ƙwarai, wannan ɗaya ne kawai ido ya gani."

Ni da ba na barin magana ta wuce ban tabbatar ba, na ɗaga hannu na ce to Mushe, wanda ya ɗauki fari da fari shi ke nan cindo ya ƙare a wajensa? Ya ce in da gaske fari biyu ya ɗauka, ya ƙare. Amma cindo yana da wani hali: wani yakan ɗauki jan waken, ya kwanta a jikinsa bai fito ba, sai a ɗansa ya bayyana. Ya ce shi ma iyakar saninsa ke nan. Bayan shekaru na sake tambayar wani malamin likita a Mayahi, don na ji tsoron ko ƙuruciya ta sa na riƙe abin a karkace. Ya ce haka ne, yakan faru.

Na dawo gida ranar da murna, ina son in gaya wa Kaka. Na tarar tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da sai an yi kwanaki ana sauya musu ruwa kafin su ciwu. Na ga ba ranar labarin wake ba ce, na haɗiye maganata.

Baba ya sayar da sanmu ya tafi Katsina neman aikin ƙarfi, ya ce zai aiko da hatsi. Shiru. Rumbu ya zama babu komai sai ƙasa da kashin ɓera. Da bazara muka ji a rediyon mai gari cewa soja sun karɓi mulki, manya suka yi ta magana a kai, amma tukunyarmu ba ta san an yi ba. Muna cin anza da dussa, wata rana ganyen jiga. Ila ya daina kuka, wanda ya fi kukan tayar mini da hankali. A cikin wannan hali Kawu Agali, yayan Inna, ya iso da iyalinsa da abin da ya rage masa: raƙuma ɗaya mai nono da 'yan awaki da ake ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Kudu ya nufa neman ciyawa. Ya sauka a bayan gari, bayan la'asar ya shigo gaida Kaka. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce ɗiyan ƙanwarsa ne, ba zai wuce ya bar su haka ba. Zai bar akuya ɗaya mai nono saboda Ila. Kuma a ba shi yaro ɗaya ya rage mana baki, in damina ta sauka ya maido shi. Bai ce wane ba. Ku lura da wannan da kyau: akuyar saboda Ila ya bar ta, kuma ya faɗi maganarta kafin ya faɗi maganar yaro.

Na ce ni zan bi shi. Kaka ta ce in na tafi wa zai ja ruwa a rijiyar da ta yi zurfi haka, wa zai riƙe sungumi in Allah ya kawo ruwa. Ila kuwa bai isa tafiya ba. Saura Sa'idu da Zainabu. Zainabu lokacin tana famfara, haƙoranta na gaba biyu babu. Kaka ba ta dubi kowa ba, tana tsince tsakuwa a cikin dussa, ta ce:

"Ai abin a fili yake. Waɗanga yatsunsu na gindin rumbu. Ka ɗauki taku, Agali."

Maganar da muka saba yi da dariya ce ta fito ba dariya. Na ce Kaka ki ba ni dama in nuna miki wani abu. Na roƙe ta ta ba ni waken iri kaɗan daga cikin goran da ta rataye a ɗaki, wanda ko a ranar da muka kwana da ruwa kaɗai ba ta taɓa ba. Ta ce ɗan lakwal ya haukace, iri zai yi wasa da shi. Na rantse zan mayar. Ban san abin da ya sa ta yarda ba, wataƙila don idon baƙo. Ta zazzago mini 'yan ƙwayoyi a tafin hannu tana bin su da ido. Na ɗauko ƙoƙo biyu na yi yadda Mushe ya yi. Bakina yana haɗa Hausa da Faransanci. Na sa Sa'idu ya rufe ido ya ɗauka, ya fito da ja da fari. Na sa ya sake, ya fito da fari da fari. Na ce kin gani Kaka, hannu ɗaya ne, ƙoƙo ɗaya ne. Zainabu rabinta na Baba ne kamar yadda nawa rabin yake, babu wanda ya fi ta ko da ƙwaya. Na ce ki tuna wushiryarta kafin haƙoran su faɗi, irin taki ce. Ki dubi kunnenta, na Baba ne. Kawu Agali ya matso yana kallo, ya ce su ma a raƙuma suna ganin haka, farar uwa ta haifi ja, jan ya haifi fari.

Kaka ta tattara waken ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin gora, ta toshe bakinsa. Sannan ta dube ni.

"Haruna, kana tsammani ban san jinin ɗana ba? Ni na wanke ta ranar da ta faɗo."

Na ce to don me.

"Don in yatsa ya zaɓa, ba ni na zaɓa ba. Yanzu ka zo da wakenka ka ɗauke mini shi. To ga su nan su biyu, Mushe ƙarami. Zaɓa."

Na dubi Sa'idu, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Na dubi Zainabu, ita ni take kallo. Na kasa zaɓen ko ɗaya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba, na dai tuna akuyar da Kawu ya ɗaure a turke tana ta kuka tana neman 'yan uwanta. Na ga haɓar Kaka tana rawa, abin da ban gani ba ko ranar da aka fita da gawar Inna.

Zainabu ce ta tashi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takalminta da zanen Inna da take rufa da shi, ta ce ita za ta, dama tana son ta sha nonon raƙumi, Sa'idu kuma matsoraci ne, raƙuma na yin kuka zai gudo. Na sha tambayar kaina ko don an yi ta kiranta Ta-Inna ne ta ga kamar nata ne ta tashi, ko kuwa tausayin Kaka ta ji. Ban sani ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba.

Ga abin da nake so ku riƙe. Da safe kafin su kama hanya, Kaka ta kira ta gindin rumbu, ta ce ta miƙo hannu. Ta ɗauko aska ta yanke farcen ƙaramin yatsanta na hagu da na dama, ta naɗe a ƙyallen da ta yaga daga bakin zanenta, ta tona wajen dutsen gabas ta binne tare da namu. Ta ce:

"Ke ma kin bar naki. Kada wanda ya ƙara ce miki Ta-Inna, har ni."

Na raka su har bayan gonaki. Zainabu tana tafe tana murza gefen yatsanta. Ta ce Yaya, jan waken nan da ka ce yana kwanciya, ko yana jikina? Na ce mai yiwuwa ne, ba ni da tabbas. Ta ce to in ta haihu ta ga cindo za ta kawo wa Kaka ta ɗaure. Matar Kawu ta ɗora ta bisa kaya, suka yi kudu ta hanyar Kanan-Bakashe. Ban sake ganinta ba.

Ba a daɗe ba kamiyon soja, babbar motar kaya, ya shigo Attantane da jar dawa, aka yi layi a ƙofar mai gari. Na karɓo rabonmu na kawo, Kaka ta dubi buhun ta juya baya ta shiga ɗaki. Baba ya dawo daf da damina, ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Da aka gaya masa bai yi faɗa da kowa ba. Ruwa ya sauka, muka shuka waken goran nan, ya yi kyau, Kawu Agali bai dawo ba. Baba ya bi sawunsu rani bayan rani. A wani wuri aka ce an gan su sun tsallaka Nijeriya, a wani wuri aka ce Kawu ya rasu a hanya, iyalinsa sun bi wasu makiyaya gabas. Dangin Inna na arewa su ma fari ya warwatsa su, ba mu sami mai faɗa mana magana ɗaya tsayayya ba. Kaka ta rayu har fari na biyu. Duk shekarun nan ba ta yarda an rushe rumbun ba ko da ya tsage, kuma ba ta ƙara tsokanar wani jika da cindo ba. Gidan ya yi shiru irin wanda ban iya kwatanta muku.

Ni kuma na bar lakwal na koyi ɗinki, na riƙa ɗaukar kekena zuwa kasuwannin Mayahi da Kanan-Bakashe da Gidan Amumune. Kun sha yi mini dariya wai ina kallon hannun mutane kafin fuskarsu. Ga dalili. Fuskar yarinya mai famfara ba za ta taimake ni in gane babbar mace ba, amma na sa rai ko jan waken ya kwanta a jikinta ya fito a 'ya'yanta. Duk yaron da aka miƙo in auna, sai na juya hannunsa. Sau ɗaya a Gidan Amumune wata Buzuwa ta kawo ɗinkin rigar jariri, na ga zare ɗaure a gefen yatsan jaririn da ta goyo. Allura ta soke ni ban ji ba. Na daɗe ina shawara da zuciyata ko ya dace in yi wa matar mutane tambaya, har ta miƙe za ta tafi, sannan na ce baiwar Allah, don Allah cindon nan daga wane gefe ne. Ta yi dariya ta ce na ubansa ne, duk gidansu haka suke kamar masu shirin kiɗan kalangu. Na tambayi sunan kakar yaron, da ta wajen uba da ta wajen uwa, babu Zainabu. Na gama rigar na ba ta, na rufe keke tun kasuwa ba ta watse ba.

Da aka haifi ɗiyata Hadiza da yatsu biyar, na tara gidan na ce duk wanda ya laƙaba mata suna a kan hannunta ni da shi ne. Kuka ce na cika tsanani, ban yi muku bayani ba. Bara Hadiza ta haifi namiji da cindo a hannu biyu, mijinta kuwa babu mai shi a danginsu. Abin da Mushe Lawali ya faɗa ne na gani da idona a cikin gidana. Likitoci suka cire shi, na roƙa aka ba ni, na hau kabu-kabu har Attantane. Rumbun ya faɗi tuntuni, amma dutsen gabas yana nan. A ranar sunan yaron nan ne na ji maganar akuya.

Na sani mai yiwuwa fari biyu Zainabu ta ɗauka, babu cindo a zuriyarta sam, kuma duk kallon hannun da na yi a banza ne. Na sani mai yiwuwa ba ta ga damina ba. Amma Baba ya tafi, Sa'idu da Ila sun tafi, ni kuma ido ya fara gajiya. Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, ko a ƙasar Mayahi da Tasawa, ko a Katsina, ko can gabas inda makiyaya suka bi: in kun san wata tsohuwa mai suna Zainabu ko Abu, wadda ta tashi a hannun Buzaye amma aka ce asalinta Attantane, mai wushirya, marar cindo, ko kun san 'ya'yanta ko jikokinta masu ɗan ƙulli a gefen ƙaramin yatsa da ba su san inda suka samo shi ba, ku aiko wa Haruna tela a kasuwar Mayahi. Ko labarin kabarinta ne ina so. In kuwa tana raye, ku gaya mata farcenta yana nan inda Kaka ta sa shi, ban bari an yi gini a wurin ba.